Babi na Tara: Tsare Mashigan Ruwa Idan Jirgin Gas Zai Wuce

Jirgin dakon ruwan gas yakan yi mafi yawan tafiyarsa a tsakiyar teku, inda sai ya yini bai haɗu da kowa ba. Hatsarin tafiyar yana taruwa ne a 'yan kilomitocin farko da na ƙarshe, lokacin da zai fita daga tashar lodi da lokacin da zai shiga tashar sauke kaya. A nan ne hanya ke ƙuntata, zurfin ruwa ya ragu, ga jiragen kwantena da na fasinja, ga kwalekwalen masunta, ga kuma gidajen jama'a a bakin gaɓa. Dokokin da ƙasashe suka shimfiɗa a irin waɗannan wurare manufarsu guda ce: a raba jirgin da duk abin da zai iya bugunsa, ko dai a ba shi tazara, ko a ware masa lokacinsa shi kaɗai.

Kayan da jirgin ke ɗauke da shi

Iskar gas da ake haƙowa daga ƙasa mafi yawanta sinadarin metan ne. Idan aka sanyaya ta zuwa digiri 162 ƙasa da sifili sai ta koma ruwa, ta ƙanƙance har abin da zai cika tanki 600 yana iska ya shige cikin tanki guda. Wannan ne ya sa ake iya ɗaukarta a jirgi daga Katar ko Najeriya ko Ostireliya zuwa Japan da Turai ba tare da an shimfiɗa bututu ba. Ana kuma dakon gas ɗin girki, wato wanda ake ɗurawa a silinda, shi ma a matsayin ruwa, amma shi baya buƙatar sanyin da ya kai haka, matsi ko matsakaicin sanyi ya ishe shi.

Muddin ruwan gas yana cikin tankinsa baya kamawa da wuta, domin babu iskar da za ta ciyar da wutar. Matsala tana farawa ne idan ya zubo. Nauyinsa bai kai rabin na ruwa ba, don haka sai ya bazu a saman teku yana tafarfasa, domin a wurinsa ruwan teku abu ne mai tsananin zafi. Tururin da ke tashi daga gare shi yakan daskarar da laimar da ke cikin iska, sai a ga farin gajimare yana bin saman ruwa. Yana da sanyi ya fi iska nauyi, iska ta riƙa kora shi ƙasa-ƙasa, sai ya ɗumama sannan ya tashi sama ya watse. Gas ɗin girki kuwa ko ya ɗumama ya fi iska nauyi, shi ya sa yake daɗewa a ƙasa yana neman rami da magudana.

Metan yana kamawa ne idan yawansa a cikin iska ya kasance tsakanin kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari. Bakin gajimaren, inda gas ya gauraya da iska daidai wannan gwargwado, shi ne wurin tsoro. Tartsatsin injin kwalekwale ko guntun sigari ya isa. Wutar sai ta bi gajimaren ta koma inda gas ɗin ke zubowa, ta zama wuta mai ci a saman ruwa, wadda zafinta ke ƙona fata daga nesa ba sai harshenta ya taɓa mutum ba. Fesa mata ruwa ƙara mata ƙarfi yake yi, domin yana sa gas ɗin saurin tafasa.

Sanyin kansa ma hatsari ne. Ƙarfen da ake ƙera jikin jirgi da shi idan ruwan gas ya zubo masa sai ya yi gautsi ya tsage. Duniya ta koyi wannan darasi a birnin Cleveland na Amurka a watan Oktoban 1944, lokacin da wani tankin ajiya da aka ƙera da ƙarfe mai ƙarancin sinadarin nikel ya fashe. Gas ya malala cikin tituna da magudanai, wuta ta tashi, mutane kusan 130 suka mutu. Tun daga nan aka koma amfani da ƙarafan da ke jure sanyi, irin su alminiyom da ƙarfe mai nikel kashi 9 cikin ɗari.

Yadda aka ƙera jirgin

Jirgi na farko da ya tsallaka teku da ruwan gas shi ne Methane Pioneer, wanda ya tashi daga jihar Louisiana ta Amurka zuwa tsibirin Canvey a Ingila a farkon 1959. Cinikin ya kankama a 1964, da Methane Princess ya fara jigila daga Arzew ta Aljeriya zuwa wannan tsibiri. Jiragen yau sun ninka waɗancan sau da yawa. Wanda aka fi ƙerawa yanzu yana ɗaukar mita kubik 174,000, tsawonsa ya kusa mita 300, faɗinsa kimanin mita 46. Manyan jiragen Katar da ake kira Q-Max sun kai mita 345, suna ɗaukar mita kubik 266,000.

Tankin jirgin gas tamkar fulas ɗin shayi yake, sai dai shi sanyi yake tsarewa. Iri biyu aka fi sani. Akwai ƙwallayen alminiyom da aka ƙirƙiro a Norway, waɗanda rabinsu ke fitowa saman jirgi, ana hango su daga nesa. Akwai kuma tsarin Faransawa, inda ake lulluɓe cikin jirgin da siririn ƙarfe mai kaurin kimanin milimita ɗaya, a bayansa a jera abin hana zafi, sannan a sake yin wani shafin na biyu ko da na farko zai yoyo. A kowanne iri jikin jirgin ruɓi biyu ne, kuma tsakanin tanki da ruwan teku akwai tazarar mita biyu ko fiye. Ɗan zafin da ke kutsawa yakan tafasa kimanin kashi 0.1 cikin ɗari na kayan a kowace rana, ana kuma tura wannan tururi cikin injin jirgin a matsayin makamashi.

Hukumar sufurin teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato IMO, ta amince da kundin ƙa'idojin ƙera jiragen gas a 1983, ya zama wajibi daga 1986, an kuma sabunta shi a 2016. Masu jiragen da masu tashoshin su ma sun kafa ƙungiyarsu mai suna SIGTTO a 1979, wadda ke fitar da jagororin aiki da tashoshi da yawa ke bi.

Abubuwa biyu da suka faru a shekarun 1970 sun nuna ƙarfin wannan ƙira da kuma iyakarta. A 1979 jirgin El Paso Paul Kayser, ɗauke da ruwan gas daga Aljeriya, ya hau dutse kusa da Jibraltar yana gudun kusan kilomita 35 a awa. Ƙasan jirgin ya yage, amma tankunan ba su yoyo ba, aka kwashe kayan zuwa wani jirgin. A shekaru sittin na farkon wannan ciniki ba a samu karo ko makalewar da ta huda tankin ruwan gas ta zubar da shi ba. Amma a watan Nuwamban 1974, a cikin Gaɓar Tokiyo, jirgin kaya Pacific Ares ya soki gefen Yuyo Maru mai lamba 10, wanda ke ɗauke da gas ɗin girki da kuma man nafta. Naftar da ke tankunan gefe ta kama da wuta, mutum 33 suka mutu, mafi yawansu ma'aikatan jirgin da ya yi sukar. Wutar ta ƙi mutuwa kusan mako uku, sai da aka ja jirgin zuwa wajen gaɓar, sojojin ruwan Japan suka nutsar da shi da igwa da bama-bamai. Abin da masana suka fi tsoro ke nan har yau: babban jirgi mai gudu ya soki jirgin gas a tsakiyar gefensa.

Dalilin da ya sa jirgin baya iya kaucewa

Jirgi mai nauyin tan dubu ɗari da ɗoriya ba shi da birki. Ƙa'idar IMO ta yarda jirgi ya yi tafiyar da ta kai ninki 15 na tsawonsa kafin ya tsaya cak bayan an mayar da injinsa baya da cikakken ƙarfi. Ga jirgi mai mita 300, wannan ya haura kilomita huɗu. Idan kuma ya rage gudu da yawa, sitiyarinsa sai ya daina jin magana, domin ruwan da ke bugun filafilin juyawa ya ragu.

Jirgin gas yana da wasu matsaloli na kansa. Kayansa ba su da nauyi sosai, don haka jikinsa ya fi na tankar ɗanyen mai tsayi a saman ruwa, iska mai ƙarfi tana samun wurin tura shi gefe. Ƙasansa yana nutsewa mita 11 zuwa 12, wanda ke tilasta masa bin tsakiyar hanyar da aka yashe, ba dama ya ratse. A ruwa marar zurfi, gwargwadon gudunsa gwargwadon yadda yake ƙara zama ƙasa, har ya iya shafar yashi. Ɗakin tuƙinsa kuma yana can baya, saboda haka akwai wani fili a gabansa, mai iya kai ɗaruruwan mitoci, da matuƙa ba sa ganin abin da ke ciki. Kwalekwalen da ya shiga wannan fili ya ɓace musu ke nan.

Tsara hanya da lokaci

Matakin farko shi ne raba hannu. A mashigai masu cunkoso an zana layin shiga da layin fita a taswira, da fili a tsakaninsu. An fara wannan tsari a mashigin Dover, tsakanin Ingila da Faransa, a 1967. A mashigin Hormuz, inda kusan kashi ɗaya cikin biyar na ruwan gas ɗin da aka yi ciniki a duniya a 2024 ya bi, kowane layi faɗinsa mil biyu ne, da tazarar mil biyu a tsakani. A mashigin Malaka an wajabta wa manyan jirage masu zurfi barin aƙalla mita 3.5 tsakanin ƙasansu da ƙasan teku.

Mataki na biyu shi ne ɗakin sa ido a gaɓa, inda jami'ai ke kallon na'urar rada suna magana da jirage ta rediyo. Tun ƙarshen 2004 manyan jiragen da ke zirga-zirga tsakanin ƙasashe suna ɗauke da na'urar da ke sanar da sunansu, inda suke, inda suka dosa da gudunsu ba tare da an tambaye su ba.

Gaɓar Tokiyo misali ce mai kyau. Japan ta fara shigo da ruwan gas a 1969, daga Alaska zuwa Negishi a Yokohama, kuma a yau mafi yawan tashoshin wutar lantarki da ke zagaye da gaɓar da shi suke aiki. Ƙofar shiga ɗaya ce, mashigin Uraga, inda ɗaruruwan jirage ke wucewa kullum. Dokar da Japan ta yi a 1972 ta hana gudun da ya wuce kimanin kilomita 22 a awa a cikin hanyar, ta kuma wajabta wa duk jirgin da ya kai mita 50 bin layin da aka zana. Jirgin da ya kai mita 200, da babban jirgi mai ɗauke da kaya masu hatsari, sai sun ba da sanarwa tun kafin su iso, a ba su lokacin shiga. Ana haɗa su da jiragen rakiya masu kayan kashe gobara, kuma idan hazo ya rufe hanya ana iya dakatar da su a waje. Bayan hatsarin Yuyo Maru ne aka buɗe cibiyar sa ido ta Kannonzaki a 1977.

Wasu tashoshin sukan ƙara da nasu sharuɗɗan: ba a barin wani babban jirgi ya gitta ko ya yi gaba da gaba da jirgin gas a cikin siririyar hanya, ba a shiga sai da rana, ko sai lokacin cikowar teku. Da aka faɗaɗa mashigin Panama a 2016, hukumarsa ta fara ne da barin jirgin gas guda a rana, da hasken rana kawai, sai daga baya ta sassauta bayan ma'aikata sun goge.

Jagoran mashigi da jiragen ja

Kyaftin ya san jirginsa, amma bai san kowane kogi ba. Shi ya sa kafin shiga, ƙaramin jirgi yake kawo jagoran mashigi, ƙwararren matuƙi ɗan wannan tashar, wanda ya san inda yashi ke taruwa da yadda ruwa ke juyawa a kowace kwana. Yakan hau ta tsanin igiya da aka sako daga gefen jirgin, jirgin na tafe, igiyar ruwa na ɗaga ƙaramin jirginsa tana saukewa. Da ya isa ɗakin tuƙi ake ɗaga tuta mai fari da ja, alamar akwai jagora a ciki. Kyaftin ya miƙa masa takarda mai bayanin zurfin jirgin, ƙarfin injinsa da duk wata na'ura da ke da matsala. Shi kuma ya shimfiɗa taswira ya nuna inda za a rage gudu, inda za a ɗaure jiragen ja, da wuri na ƙarshe da za a iya fasa shiga a juya. Bayan an wuce wannan wuri babu komawa, sai dai gaba. Duk umarnin da jagora ya bayar, mai riƙe da sitiyari sai ya maimaita shi da babbar murya kafin ya aiwatar, ya kuma sake faɗa bayan ya gama. Alhakin jirgin yana nan a wuyan kyaftin, yana da ikon karɓe tuƙi idan ya ga ba daidai ba.

Kafin a kai ga haka an riga an gwada sitiyari, an gwada mayar da inji baya, an kunna janareta na biyu, an kuma tsayar da mutane a goshin jirgi kusa da anka. Abin da ake gudu shi ne wuta ta ɗauke ko sitiyari ya maƙale a tsakiyar kwana. Maganin wannan shi ne jirgin ja na rakiya, wanda ake ɗaure shi da igiya a bayan babban jirgin yana biye da shi. Idan sitiyari ya ƙi, sai ya karkata jikinsa gefe ya ja igiyar, ya zama shi ne sitiyarin kuma shi ne birkin. A wajen jingina kuwa jiragen ja uku ko huɗu suke taruwa, su juya jirgin goshinsa ya kalli teku domin saurin fita idan ta ɓaci, sannan su tura shi a hankali. Na'urar haske da ke kan gadar lodi tana auna saurin matsowarsa tana nunawa a babban allo, kuma a ƙarshe bai kamata ya wuce 'yan santimitoci a daƙiƙa ba.

Da'irar da ke tafiya da jirgi

Hukumomi da yawa sukan zana wani fili a kewayen jirgin gas wanda ke tafiya tare da shi, ba mai shiga sai da izini. Wanda ya fi shahara shi ne na birnin Bostan a Amurka. Tashar Everett, da aka buɗe a 1971, tana kan kogin Mystic, kuma kafin jirgi ya isa can sai ya ratsa tsakiyar birnin, ya wuce kusa da filin jirgin sama na Logan da unguwanni masu cunkoso, ya bi ta ƙarƙashin gadar Tobin. Dokar masu gadin gaɓar tekun Amurka ta hana kowa shiga mil biyu a gaban jirgin, mil ɗaya a bayansa, da yadi 500 a kowane gefe. Bayan harin 11 ga Satumban 2001 an dakatar da shigowar jiragen gas na tsawon makonni. Da aka dawo da su, sai aka haɗa su da rakiyar jiragen 'yan sanda masu makamai da jirgi mai saukar ungulu, ana kuma tsayar da motoci a kan gadar har jirgin ya wuce. Magajin garin na lokacin, Thomas Menino, ya daɗe yana adawa da shigowarsu, yana cewa hatsarin ya yi wa birnin yawa.

Ba da ka ake tsayar da girman irin wannan fili ba. A 2004 cibiyar bincike ta Sandia ta gwamnatin Amurka ta fitar da nazari kan abin da zai faru idan tanki ya huje gas ya zuba a ruwa. Ta gano cewa idan zubar ta yi girma, mummunar ɓarna za ta fi yawa a cikin kimanin mita 500, sannan hatsarin ya ragu sosai bayan kimanin mita 1,600. Tashoshi da dama sun yi amfani da waɗannan alƙaluma wajen tsara inda za a gina gadar lodi da inda za a tsananta tsaro.

A bakin gadar lodi

Lodi ko sauke kaya yakan ɗauki kusan rabin yini, kuma duk tsawon lokacin ruwan gas yana bi ta cikin hannuwan ƙarfe masu gaɓoɓi da ke haɗa jirgi da gada. Idan jirgin ya gusa fiye da ƙima, hannuwan na iya karyewa. Babban jirgin da ya wuce kusa da gudu yakan janye ruwa ya fizgi wanda ke ɗaure, shi ya sa ake gina gadar gas nesa da babbar hanya, ana kuma tilasta wa masu wucewa rage gudu. Kowace igiyar ɗauri tana da ma'aunin da ke nuna ƙarfin da ke kanta.

Wayar sadarwa ta musamman tana haɗa na'urorin jirgi da na tasha. Idan aka shinshino gas, ko wuta ta tashi, ko jirgi ya fara gusawa, kowane ɓangare na iya danna maɓalli guda, famfunan turawa su tsaya, bawul-bawul su rufe cikin daƙiƙa talatin. Idan gusawar ta ci gaba, hannuwan suna rufe kansu ta ɓangarori biyu su cire, abin da zai zuba kaɗan ne. Ana kuma sakin ruwa ya riƙa kwarara a gefen jirgin daidai inda bututun suke, domin ko ɗigo ya sauka kada ya taɓa ƙarfe. Ba a shiga wurin da wayar hannu ko ashana, kuma jirgin ja mai bututun feshi yana tsaye kusa har a gama.

Kogin Bonny

A Najeriya wannan batu yana da gida a tsibirin Bonny na jihar Ribas. An kafa kamfanin ruwan gas na NLNG a 1989, jirgin farko ya tashi da kaya zuwa Faransa a watan Oktoban 1999. Kamfanin mai na ƙasa yana da kashi 49 cikin ɗari, sauran na Shell da TotalEnergies da Eni ne. Layukan sarrafa gas shida na NLNG suna iya samar da tan miliyan 22 a shekara. Daga nan ne kuma wani kaso mai yawa na gas ɗin girki da ake amfani da shi a cikin ƙasa ke fitowa, jirage su kai shi tashoshin gaɓa irin ta Legas, motocin tanka su haura da shi Arewa.

Bakin kogin Bonny ba na jiragen gas kaɗai ba ne. Ta nan ne jiragen da za su Onne da Okrika da Fatakwal suke bi, ga jiragen da ke kai kaya rijiyoyin mai na cikin teku. An daɗe babu hanyar mota zuwa tsibirin, don haka jama'a da kayan masarufi ta ruwa suka riƙa zirga-zirga a ƙananan jirage masu gudu. Masunta kuma nan ne wurin neman abincinsu tun kafin a san da gas. Yashi yana yawan cike hanyar, dole a riƙa yashe ta ana gyara alamomin da ke shawagi a gefenta. Hukumar tashoshin jiragen ruwa ta ƙasa ce ke da alhakin hanyar da samar da jagorori. Da damina guguwa mai ruwa kan taso ba shiri, da hunturu kuma hazo kan rage gani.

Ga kuma matsalar 'yan fashin teku. A 2020, cikin ma'aikatan jirage 135 da aka yi garkuwa da su a tekunan duniya, 130 a Mashigin Tekun Gini aka ɗauke su. Jirgin gas yana da tsayi da gudu, hawansa a tsakiyar teku da wuya, amma idan ya rage gudu domin ɗaukar jagora ko yana jiran izinin shiga, wannan kariya ta ragu. Najeriya ta yi dokar hukunta fashin teku a 2019, hukumar kula da sufurin teku ta NIMASA ta ƙaddamar da shirin tsaro na Deep Blue a 2021, kuma hare-haren sun ragu matuƙa a shekarun da suka biyo baya.

Ƙananan jirage da masunta

Dokokin hana karo a teku na 1972 sun fayyace cewa jirgin da bai kai mita 20 ba, da mai tafiya da filafilan iska, da mai kamun kifi, kada su tare wa babban jirgi hanya a siririn mashigi. Babban jirgi yana da alamominsa: jar tuta tana nufin kaya masu hatsari, jajayen fitilu uku a jere daga sama zuwa ƙasa suna nufin zurfinsa ya hana shi ratsewa, gajerun ƙaho biyar a jere kuwa gargaɗi ne cewa bai gane nufin wanda ke gabansa ba.

Sai dai doka a takarda daban, aiki da ita a ruwa daban. Kwalekwalen katako sau da yawa baya fitowa a rada, ba shi da rediyo, wani lokaci ko fitila babu. Kifi kuma yakan taru ne a bakin hanyar da aka yashe, inda zurfi ya haɗu da tudu, kuma masuncin da ya riga ya shimfiɗa tarunsa ba zai so ya yanke shi ya bar jarinsa ba. Duk sa'ar da aka rufe hanya domin jirgin gas, wani ne ke biyan kuɗinta: mai jirgin fasinja da ya jira, ɗan kasuwar da kayansa suka makara, masuncin da lokacin kamu ya wuce shi. Tashoshin da suka fi samun haɗin kai su ne masu sanar da lokacin wucewar jirgi tun da wuri cikin harshen mutanen wurin, masu zama da shugabannin masunta, masu tura ƙaramin jirgin sintiri gaba ya yi magana da mutane baki da baki, masu kuma taƙaita rufewar ga abin da ya zama dole.

Yaƙi da shirin ko-ta-kwana

Akwai hatsarin da tsarin tasha baya iya magancewa. Da hare-hare kan jirage suka tsananta a Bahar Maliya daga ƙarshen 2023, masu jiragen gas sun ga babu rakiyar da za ta wadatar, sai suka bar hanyar Suwez suka koma zagayawa ta kudancin Afirka, duk da ƙarin kwanaki da kuɗin da hakan ke ci. Jiragen Katar sun bi sahu a watan Janairun 2024. Hormuz kuwa ba ta da madadi, domin tashar Ras Laffan ta Katar tana cikin Tekun Fasha, ƙofar fita ɗaya ce.

Kowace tashar gas tana da rubutaccen shirin abin da za a yi idan duk matakan nan suka gaza. Shirin yana fayyace wanda ke da ikon rufe mashigi, wanda zai ba da umarni a wurin gobara, inda za a ja jirgin da ya lalace, da unguwannin da za a kwashe gwargwadon inda iska ta dosa. Ƙaramar wutar gas da hodar kashe gobara ake kashe ta. Babba kuwa akan toshe inda gas ke fitowa, a riƙa fesa ruwa a jikin tankuna da ɗakunan ma'aikata domin sanyaya su, a bar wutar ta cinye abin da ya zubo, domin idan aka kashe ta gas na ci gaba da fita, gajimaren da zai taso ya fi ta hatsari. Ana gwada wannan shiri lokaci-lokaci tare da 'yan kwana-kwana, asibitoci, sojojin ruwa da jagororin mashigi, kuma jagororin suna atisaye a ɗakin kwaikwayon tuƙi na kwamfuta, inda ake kashe musu inji ko a tayar musu da guguwa a tsakiyar kwana, kafin a ba su izinin hawa jirgin gas na gaske.